Rigar 'Yata a Juye

Ni mai ɗinki ce, kuma ba yabon kai ba, a lungunmu na Alabar, nan Kumasi, babu macen da ta kai ni gama bakin ɗinki. Ki juya rigar da ta fito daga kekena ki duba, ba za ki ga zare yana reto ba. Matar da ta koya mini sana'ar takan ce a cikin riga ake gane mai ɗinki, wajen riga na masu kallo ne. Shekara huɗu na yi a hannunta tana farke mini aiki da reza tana miƙo mini in sake, har abin ya zauna mini a jiki. Sai ga shi Allah ya ba ni 'ya ɗaya tilo, wadda dole in ɗinka mata kaya bakin ɗinkin yana waje, kowa yana gani.

Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ba na kiran sunan, Uwata nake ce mata. An haife ta ƙafar hagu babu fata tun daga idon sawu har yatsu, ja zur. Da aka goge ta da tawul, inda tawul ya bi nan ma ya saɓule. Mun yi sati uku a babban asibiti kafin wani likita ya zaunar da mu ni da babanta ya faɗi sunan ciwon, wani dogon suna na Turanci da har yau sai na duba takarda nake iya faɗarsa. Ya ce akwai abin da yake riƙe fatar mutum da naman da ke ƙasanta, ita nata bai cika ba. Ya ce abin gado ne, rabi daga gare ni, rabi daga babanta, ko da yake mu lafiyarmu ƙalau. Ba a ɗauka, kuma ba a warkewa. Na gane bayaninsa tun kafin ya gama, don na san yadda riga take in an sa mata shafi ba a kama shi da ɗinki ba. Ka ja kaɗan, ya zame.

Da muka dawo gida surukata ta riga ta dafa ruwa, ta ajiye baho da soso da sabulu, za ta yi wa jikarta wankan jarirai irin na da, wanda ake gasa jiki da tawul mai zafi a miƙe hannu a miƙe ƙafa. Na hana. Wannan ne faɗana na farko a kan yarinyar nan, kuma tun daga ranar ban huta da faɗa ba.

Safiyata ɗaya ce, shekara tara ba ta sake ba. In na idar da sallar asuba sai in haɗa ruwan ɗumi da ɗan gishiri, in zaunar da ita a ciki har bandejin jiya ya jiƙu ya saki da kansa. Wanda ya maƙale ba a jan sa, jira ake yi. Daga nan in bi jikinta tun daga wuya har tafin ƙafa ina neman sababbin ƙuraje masu ruwa, in huda kowanne da sabuwar allura, don in aka bar shi yaɗuwa yake yi. In shafa basilin, in ɗora gozi, in naɗe. Yatsun hannu ɗaya bayan ɗaya nake naɗewa, in ba haka ba manne wa juna suke so su yi. Kafin mu gama rana ta shigo tsakar gida, kokon da aka sayo ya huce, bayana kuma ya ƙage. Sannan ne zan hau keke in fara aikin mutane. In an ɗauke wuta fanka ta tsaya, zafi ya ƙara mata ƙuraje, sai in ajiye ɗinkin in ɗauki mafici.

Magani kuwa, da na tara wanda aka kawo mini da na buɗe kanti. Wannan ta kawo sassaƙe daga Tamale, wancan ya kawo rubutu, wata kwastomata Ba'asantiya ta ce in bi ta wajen wani mai addu'a a Oforikrom, ba ruwansa da addinina. Duk ina godiya, in zuba a bayan ƙofa. Abin da ya fi gajiyar da ni shi ne haƙuri. Kowa ya shigo sai ya ba ni haƙuri, har na kai in na ji an ce "sai haƙuri" sai in ji kamar in tambayi mutum ko ya zo da bandeji.

Babanta kafinta ne a Anloga. Shi ba mai magana ba ne, da hannu yake tausayi. Tun tana rarrafe ya bi duk wani katako da ke ɗakinmu ya goge shi da sanfefa, ƙafar gado, bakin ƙofa, kujerar tsuguno, har ludayin miya, ya kashe musu kaifi. Amma hannun da ya yi wannan aikin shi kansa kaushi ne da shi kamar sanfefar, don haka bai taɓa shafa kanta da tafinsa ba. Da bayan yatsu yake taɓa ta, a hankali, kamar mai gwada zafin ruwa.

A kan matashin kai muka yi rainonta. Ba a ɗaga ta ta hammata, ba a rungume ta, ba a goya ta. Zanin goyon da mahaifiyata ta sayo mini tun ina da ciki wata bakwai yana ƙasan akwati da ninkinsa na kanti. Matan gidanmu in suna wasa sukan ce ni kam na more, bayana bai san nauyin ɗa ba. Nakan yi dariya tare da su, me zan ce.

Wanda bai zauna Zongo ba zai ɗauka mugun mutum nake tsoro. Ina! Ba a taɓa jifan 'yata ba, ba a taɓa kore ta daga ƙofar wani ba. Masu kirki nake tsoro. A nan ɗa na kowa ne, kuma da hannu ake nuna haka. Yaro ba zai wuce ba a ja kumatunsa ba. Za a kama hannunsa a tsallakar da shi kwata, a share masa majina da bakin zane, a cafke wuyan hannunsa a tambaye shi uwarsa. Ko gyaran ɗankwali ne sai an yi masa. Ni kuwa kowane ɗaya daga cikin waɗannan kwana goma ne na jinya a wurina. Shi ya sa duk inda ta sa ƙafa ina bayanta taku biyu, bakina bai gajiya da cewa kar a taɓa ta. A gidan suna, a gidan aure, a cikin motar haya ta trotro, a layin famfo. Na san a bayan idona Hajiya Kar-a-taɓa suke ce mini, ni da ko Makka ban je ba. Ban damu ba.

Kayanta kuma, tun tana jaririya na lura duk inda bakin ɗinki ya kwanta a jikinta sai ya bar layin ƙuraje, daga hammata har ƙugu, kamar an ja da alli. Daga nan na fara ɗinka mata a juye. Nakan je kasuwar Kejetiya in tsinci rigunan gwanjo na auduga waɗanda suka sha wanki suka yi laushi, in farke in sake yanka. Ba zif, ba maɓalli, ba roba a hannu. Wuya mai faɗi, gefen yadi mai santsi yana ciki, bakin ɗinki a waje. Ranar farko da na shanya su a igiya kunya ta kama ni, na ce yanzu kwastoma za ta shigo ta ga aikina. Daga baya kowa a lungu ya saba, ba mai ko kallo.

Tana da shekara tara ta ce ita kaɗai za ta riƙa zuwa makaranta. Makarantar allo ce ta Asabar da Lahadi, ba nisa. In ka fita lungunmu ka wuce famfo, ka taka katakon da aka gindaya a kan kwata, ka sha kwanar masu koko, ka iso. Sukuu, wato makarantar boko, babanta ke kai ta har cikin aji, wannan ba ta yi gardama a kai ba. Amma makaranta, ta ce yara suna cewa ta zo da sojanta. Ta ce ita ma tana da baki, za ta iya cewa kar a taɓa ta. Na ce a'a. Ta sake, na ce a'a. Yarinyar nan naci ne da ita, kuma ban isa in ce ban san inda ta gado shi ba. Sai da ta yi wata guda tana bi na da maganar, a wajen wanka, a wajen cin abinci, har babanta ya sa baki. Ya ce lungu ya san ta, malam ya san ta, masu koko sun san ta, in bar ta ta gwada.

Na bari. Asabar uku da Lahadi uku ta je ta dawo lafiya. Takan shigo tana taku ɗai-ɗai da takalmanta na soso, allo a cikin jakar yadi, tana ba ni labarin abin da ta gani a hanya kamar wadda ta dawo daga Accra. Ban taɓa ganin ta da fara'a irin ta kwanakin nan ba. Har na fara zargin kaina, na ce ashe ni ce na tsare ta a banza.

Abin da ban sani ba shi ne, mai kokon da ke kwana ta haihu a cikin satin, surukarta ta zo daga wani ƙauye can arewa ta karɓi teburin. Tsohuwa ce doguwa, mai ƙarfi, irin waɗanda suka yi rayuwarsu a gona. Kwananta uku a Kumasi, ba wanda ya tuna ya gaya mata komai.

Asabar ta huɗu ina kan keke ina haɗa hannun wata riga na ji hayaniya tana tahowa ta lungu. Kafin in miƙe sai ga tsohuwar da ban taɓa gani ba ta faɗo tsakar gida da gudu, ba ɗankwali, mutane a bayanta, 'yata a goye a gadon bayanta. Ta ɗaure ta da zane tamau, ɗauri biyu, sama da ƙasa, yadda ake yi wa ɗan wata shida. Ƙafafun yarinyar suna lilo har gwiwar tsohuwar, zanen kuma ya fara jiƙewa da jini.

Daga baya aka ba ni labarin yadda aka yi. Tsohuwar ta ga yarinya za ta wuce da riga a juye, ta kira ta. Uwata ta tsaya don ladabi, ta fara cewa kar a taɓa ta, amma tsohuwar Hausarta ba ta da yawa, kuma wane babba ne yake tsayawa jin bayanin yaro a kan riga? Ta kama gindin rigar ta zare ta ta kai, zaraf ɗaya, za ta juya mata. Rigar ta tafi da bandejin kafaɗa, bandejin ya tafi da fata. Da ta ga abin da ya faru sai ta ruɗe, ta yi abin da kowace uwa take yi in yaro ya ji ciwo. Ta sure ta ta hammata, ta cilla ta baya, ta ɗaure, ta tambayi gidansu tana gudu. Masu ce mata ta sauke ta suna bin ta, ita kuma ta ɗauka cewa suke yi ta yi sauri.

Ni na kwance zanen da hannuna. Hammata biyu sun saɓule, bayan cinyoyi inda ɗaurin ƙasa ya bi, ƙirji inda ya gogi bayan tsohuwar, haɓa, ga kuma kafaɗa. Garin gyaran gira an tsone ido. Uwata ba ta yi kuka sosai ba, numfashi kawai take ja ta haƙora, yadda ta saba.

Abin da na gaya wa tsohuwar nan a tsakar gida ba zan rubuta shi ba. Sa'ar mahaifiyata ce, kuma na zage ta a gaban jama'a, zagin da ko sa'ata ban taɓa yi wa ba. Ta durƙusa a kan siminti gwiwa biyu, rigar yarinyar tana hannunta har lokacin, ta riga ta juya ta daidai. Tana ta roƙon gafara, tana cewa:

"Kafra, Hajiya, kafra. Ni ban sani ba kraa. A gari namu, yaro ba shi sa riga haka sai uwa shi ya mutu. Na ce kar shi kira maka mutuwa."

Wato ni ta so ta ceta. Na ji maganar sarai, amma a ranar ba ta shige ni ba. Na fizge rigar na ce ta fita mini daga gida.

Kwana shida muka yi a asibiti saboda zazzaɓi ya shiga, ciwon cinya ya yi ruwa. Da muka dawo wankan safe ya koma ninki biyu, don ba ta iya zama a baho, sai dai ta tsaya ta dafa kujera ina zuba mata ruwa da kofi. Kwanciya ma sai ta gefe ɗaya. Ɗinkin mutane ya taru a kan tebur, wasu suka zo suka kwashe yadinsu, ban hana su ba. A cikin waɗannan kwanaki na yanke hukunci, na kuma faɗe shi a gaban babanta don kar a sake tayar da maganar. Na ce ta gama fita ita kaɗai. Makaranta ma an daina, malam ya turo karatun gida in yana so. Babanta ya ce shi dai ya goge abin da zai iya gogewa, amma Zongo ba benci ba ne. Na ce to shi ya sa za ta zauna inda aka goge.

Na shirya wa naci, sai nacin bai zo ba. Ba ta roƙe ni ko sau ɗaya ba. Ciwukan suka fara rufewa, ta koma iya zama, sai ta ɗauki kujerar tsuguno ta ajiye a bakin ƙofar ɗaki daga ciki, inda ake hango zaure. Nan take wuni. Safiyar Asabar yara sukan wuce da allunansu, ta bi su da ido har su ɓace, ta koma kallon ƙafarta. Labari ya ƙare a bakinta. In na tambaye ta abu ta ce to, in na ba ta abinci ta ci rabi. Jikinta yana warkewa a hannuna ina gani, yarinyar kuma tana raguwa, shi ma ina gani. Na san da haka, kuma ban buɗe ƙofar ba, don tsoro ya fi ƙarfina.

Tsohuwar kuwa kullum safe sai ta aiko da koko a kwano mai murfi, an tace shi sau biyu, ba yaji, don ta tambaya an gaya mata maƙogwaron yarinyar ma ba ya son abu mai kaushi. Kullum ina mayarwa. Ba ta fasa ba, ni ma ban fasa ba, muka yi ta yi har matan gida suka gaji da ba ni baki.

Wata rana da ba aiki na ɗauko rigunan Uwata na zauna ina kallon su. Na ce tunda bakin ɗinkin nan ne ya jawo hannu, bari in ɓoye shi a inda yake. Na yanka ƙyalle siriri mai wani launi dabam na bi kowane ɗinki na rufe shi ta waje, kafaɗa, gefe, wuya. Da na gama sai ya fito kamar ado, har wata kwastoma ta gani ta ce in yi wa 'yarta irinsa na Sallah. Shekara tara, kuma wai ni gwanar ɗinki, sai yanzu dabarar ta zo mini. Na ji haushin kaina ƙwarai. Amma da na gama rigar sai na rataye ta a ƙusa, ban ba ta ba. Riga kam na gyara ta. Kwata tana nan, masu jan kumatu suna nan, baƙi kuma kullum sauka suke yi a Zongo.

An fi wata biyu a haka. Ran nan da safe ina naɗe mata cinya, ciwon ƙarshe da ya rage daga ɗaurin zanen, ta tsaya ta dafa kujera ta juya mini baya. Sai na ji ta ce:

"Mma, haka goyo yake?"

Na ce kamar yaya. Ta ce ba ta san ana jin muryar mutum ta cikin bayansa ba. Ta ce da tsohuwar take gudu tana salati, ba ta kunne take jin ta ba, ta ƙirji take ji, kamar rediyo a cikin akwati. Bayanta da ɗumi, yana ƙanshin hayaƙi da citta. Ta ce ta hango tsakiyar kan mutane, ta ga ashe mai gyaran rediyon bakin famfo sanƙo ne da shi a ƙarƙashin hula. Tana faɗa tana 'yar dariya, dariyar da na yi wata biyu ban ji ba. Ni kuwa bandeji yana hannuna na kasa ci gaba. Na ce mata, Uwata, ba ki ji zafi ba?

"Na ji zafi paa," in ji ta. "Amma Mma, komi ma zafi yake mini. Wanka zafi, takalmi zafi, barci zafi. Wannan dai na samu wani abu a ciki."

Kishi ne ya fara kama ni, ba zan ɓoye ba. Shekara tara ina tsare jikin nan, na hana uwar mijina, na hana mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta rungumi takwararta ba, na hana kaina. Sai wata baƙuwa mai koko, kwana uku da saukarta, ta zo ta ba 'yata abin da ban taɓa ba ta ba, kuma shi yarinyar take ta juyawa a ranta a bakin ƙofa duk kwanakin nan. Ni ina ƙirga ciwukan, ita tana tuna ɗumin. Bayan kishin sai kunya, bayan kunyar sai wata gajiya da ban taɓa jin irinta ba, har na zauna a ƙasa.

Na gama naɗin dai, don ba a barin sa rabi. Sannan na shimfiɗa zane mai laushi a kan katifa na kwanta rub da ciki, na jawo wani na rufe bayana. Na ce ta hau da kanta, a hankali, ba zan taɓa ta ba, ba kuma za a ɗaura komai ba. Ta daɗe tana shiri, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, sannan na ji ta kwanto. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin ya ba ni tsoro. Ta sa kunnenta a tsakanin kafaɗuna ta ce in yi magana. Ni da bakina bai taɓa rasa abin faɗa ba, ranar na rasa. Sai na shiga lissafa mata ɗinkin da ban gama ba, rigar wance saura hannu, zanen wance saura kalmasa, ɗankwalin wance ban ma yanka ba. Ta ce in ci gaba. Na ci gaba har na ƙare na koma farko.

Washegari na samu ƙuraje uku, biyu a gwiwa, ɗaya a haɓa. Na huda su kamar kullum, na shafa basilin. Ta dube su ta dube ni.

Ranar Juma'a da aka kawo kokon ban mayar ba. Da hantsi na ɗauki kwanon da kaina na kai kwana. Tsohuwar tana hango ni ta fara neman durƙusawa, na riƙe ta na ce Kaka, ki tashi, ni ce da neman gafara. Ban iya dogon ban haƙuri ba, don haka na wuce kan abin da ya kawo ni. Na kama hannunta na buɗe tafin, na nuna mata a kan hannuna yadda ake taɓa Uwata. A shimfiɗa, ba a damƙa. A tara daga ƙasa, ba a ja. In ta faɗi a bar ta ta tashi da kanta, a aiko a kira ni. Na ce tunda teburinta a kan hanya yake, duk baƙon da ta ga ya miƙa wa yarinyar hannu ta yi masa tsawa, da kowane yare ta ga dama. Ta ce wannan kam ta iya.

Safiyar Asabar na sauko da rigar daga ƙusa na sa mata. Ta ɗauki jakar allonta ba ta tambaye ni komai ba, kamar tana tsoron in ta yi magana zan fasa. Na raka ta zaure na tsaya. Na ga ta wuce famfo, na ga ta taka katakon kwata tana buɗe hannuwa, sannan kwana ta ɗauke ta.

Yanzu shekararta goma sha ɗaya. Tun daga lokacin an ja kumatunta sau ɗaya, ta faɗi a kan katakon sau biyu, kowanne mun yi jinyarsa. Yatsunta biyu na hagu sun fara haɗewa duk da naɗin da nake yi, safiyata kuma tana nan yadda take. Wani lokaci bayan wanka takan ce in kwanta, in kwanta, ta hau, gobe in huda abin da ya fito. Kwastomomina sun riga sun sani, ba a karɓar kaya a wurina ranar Asabar ko Lahadi da safe. In ta fita nakan zauna a kan keke, ƙafata a kan mataki, yadi a ƙarƙashin allura, amma ba na takawa. Ƙarar keke tana hana ni jin lungu.